Sakata da Dakali a Birnin Ƙwaya

Da sunan Wanda yake buɗewa ba da mabuɗi ba, yake rufewa ba da sakata ba. Ku sauke kayanku, ya ku matafiya, ku gyara zama, wuri akwai shi. Ni ne Nomau, mutumin Gangaren Kuka a Ƙasar Jan Rairayi, autan uwata, gurgun nan da kuke gani. Na ƙetare tudu, na ƙetare ruwa, na ga ƙofar da ta tsofar da al'umma, na ga wadda ta cinye mutum a tsaye. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, wanda idon bai gani ba kuwa cikina ya shaida.

A garinmu jan gero muke ci, shi kakanninmu suka ci. Daminarmu gajeriya ce, kafin ka gama murnar zuwanta ta naɗe tabarma, kuma babu hatsin da ke iya nuna a cikinta sai shi. Wata shekara cuta ta faɗa masa, zangarniya ta yi baƙi ƙirin tun tana kan kara. Shekarar da ta biyo ma haka. Muka cinye na rumbu, muka cinye na tukunya, daga ƙarshe yunwa ta sa aka taɓa iri. Ranar da aka farga babu ko ƙwaya ɗaya ta shuka a garin, har maza masu gemu sun yi kuka.

Wani falke ne ya ba mu labarin Birnin Ƙwaya, can bayan Tekun Toka, inda ake ajiye irin kowane hatsi da Allah ya halitta, kuma ba a hana mabuƙaci. Dattawa suka zaɓi yayata Tasallah, domin duk garin babu mai noma kamarta, babu kuma mai taurin kai kamarta. Ni aka haɗa ta da ni don in ɗauki salkar ruwa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya mana: mu dawo da iri kafin ruwan farko, in ba haka ba garin ya watse.

Da muka fito ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Auta, in ka gaji ka faɗa, in goya ka kamar da."

Na ce, "Yaya, ni fa na yi gemu."

Ta ce, "Akuya ma ta yi."

Muka yi ta tafiya har takalmanmu suka cinye. Wata rana gangaren rairayi ya zame da mu, muka mirgina muka faɗa cikin wani dogon kwari mai katanga dama da hagu, cike maƙil da mutane, kowa ya fuskanci gabas. Ashe Ƙasar Ƙofa Ɗaya ce. Abincin ƙasar gaba ɗaya yana cikin rumbu guda mai girman tsauni, da ƙofa ɗaya, da kwado ɗaya. Sarkinsu ya ce yawan kwaduna ɓarnar ƙarfe ne. Mutum ɗaya ke shiga, ko buhu ya zo ɗauka ko ɗan gishirin miya, sauran duniya ta jira shi. Mu kuwa tsakiyar layin muka faɗo, ba gaba, ba baya, ba hawa.

Na tambayi wani tsoho da ke gabana tun yaushe yake nan. Ya ce, "Ina ango amaryata ta aiko ni cefane. Ta gaji ta yi wani auren. Yanzu jikanta ne ke zuro mini ruwa ta kan katanga, yaro mai kirki."

Yaya kuwa kallon layin kawai take yi. Ta lura cewa wanda ya mutu a layi ana naɗe shi, a riƙa miƙa shi ta kan kawunan mutane, hannu zuwa hannu, har ƙarshen layin. Sai ta ciro zanenta na canji ta tsaga shi biyu.

Ta ce, "Auta, ka iya mutuwa?"

Na ce, "Ban taɓa gwadawa ba."

"To yau za ka koya. In ka kuskura ka yi atishawa, ni zan kashe ka da gaske."

Mutanen da ke bayanmu da murna suka naɗe mu, tunda layi zai ragu da mutum biyu. Haka muka yi tafiya a kan tafukan mutane, ana yi mana addu'a ana tura mu baya. Sai dai a ƙarshen layin ba a sauke gawa da lallashi, wurgi ake yi da ita cikin rami. Yaya ta faɗa kan rairayi, ni na faɗa kan dutse, idon sawuna ya ce ƙaras. Ta ɗaure mini shi da kara da tsumma, ta durƙusa ta ce, "Hau. Ga goyon da na yi maka alkawari." Na hau ina hawaye, ita tana dariya.

A bayanta na isa Tekun Toka. Ruwa ne mai nauyi, launin toka, ko kifi ba ya rayuwa a cikinsa, jirgi kuwa ba ya motsi sai da iska. Mai jirgin ya gaya mana cewa duk rani iska birnin take nufa, ta komawa kuwa sau ɗaya take tasowa, gab da damina, kuma ba ta daɗewa. Wanda ya rasa ta sai wata shekara.

Birnin Ƙwaya, ga shi kuna ciki, amma ku bari in gaya muku yadda na same shi. Dutse ne guda tsaye a tsakiyar teku, babu tudu a gefensa, babu inda za a ƙara masa ko taki ɗaya. An fafe shi koguna-koguna tun daga gindi har ƙoli, da hanya ɗaya mai murɗewa wadda faɗinta bai wuce kafaɗun mutum biyu ba. Komai da awo. Ko gaisuwarsu gajeriya ce, kamar ita ma tana cin wuri.

Wadda ta karɓe mu ita ce Ma'auniya Kyallu, mai kula da awon birnin, siririyar mace da igiyar awo rataye a wuyanta. Ta ji buƙatarmu ta ce, "Kogon jan gero yana can sama. Ƙarami ne, tulu ɗaya da wurin durƙuson mutum ɗaya. Kowane mabuƙaci ƙwarya ɗaya, ba a biyan komai. Amma ku ji dokokinmu."

Ta ce mutum ɗaya ke shiga kogo, domin hannu biyu a tulu ɗaya su ke gauraya iri, irin da ya gauraya kuwa ya tashi daga aiki. Kowane kogo yana da tasa ƙofa ta dutse da tata sakata, 'yar ƙarama, tsawon yatsa. Wanda ya shiga ya tura ta daga ciki, sai jan bakinta ya leƙo waje, kowa ya san akwai mutum. Na ciki ba ya zama, ba ya gyangyaɗi, ya ɗiba ya fito. Na waje kuma ba ya tsayawa cik, don kada ya tare wa 'yan dako hanya. Juyi yake yi a inda yake, ya ba wannan kafaɗa ya ba wancan, duk zagayen da ya yi ya kalli sakata. Wanda ya fara ganin ta janye, shi ne mai shiga. Mutumin da ya zauna a hanya, 'yan dako su sungume shi su kai gindin dutse. Kayan da aka ajiye a hanya ba su da mazauni, a kai su maniƙa.

Yaya ta ce, "Ranki ya daɗe, ba layi?"

Kyallu ta ce, "Layi wuri yake ci."

"To yaya za a san wanda ke ciki?"

"Suna ma wuri yake ci, baiwar Allah. Duk takin da na ba ƙofa, daga bakin iri na cire shi."

Ni da na fito daga Ƙasar Ƙofa Ɗaya, sai na ce a raina ga masu hankali. Kuma da muna hawa na ga abin yana tafiya kamar da wasa. Ƙofofi sai ƙas-ƙas suke yi, mutum ya juya sau ɗaya ko biyu ya shige. Ban ga mai furfurar jira ba ko ɗaya.

Da muka isa kogon jan gero, jan bakin sakata yana waje. Akwai waɗansu mutane daga wata ƙasar yunwa, su ma suna juyi. Kyallu ta tausaya wa ƙafata, ta sa aka cusa ni cikin wata tagar iska daura da ƙofar, wurin da bai ɗauki kowa ba sai ni a takure. Yaya ta ɗaure ɗamara ta ce, "Rawa ce ashe. Auta, yi mini tafi." Ta shiga juyi.

Wuni ya wuce sakata ba ta motsa ba. Wani wunin ya biyo. Na buga ƙofar da sandata, dutse ya haɗiye ƙarar. Na tambayi wani dogari wa ke ciki, ya ce, "Mai riƙe da sakata." Na ce a ɓalle mana, ya kalle ni kamar na zagi iyayensa, ya ce muddin jan baki yana waje ba mai taɓa ƙofa. Na ce to tun yaushe ya shiga, ya ce sakata ba ta faɗin wannan, amma in kwantar da hankalina, ba a daɗewa a ciki, yanzu zai fito.

Wannan kalmar ita ta ci mu. Da an ce mana shekara za mu jira, da mun nemi wuri mun kwanta. Amma kullum yanzu zai fito. Yaya ba ta yarda ta sauka ta huta ba, don tulu ɗaya ne, masu jira kuma da yawa, ba ta san ko zai kai kanta ba in aka riga ta. A juye take cin ɗan abin da na miƙa mata, a juye take kurɓar ruwa. Ni kuwa ina takure a taga da karyayyar ƙafa, ko zagaye ɗaya ba zan iya karɓar mata ba. Ban taɓa ƙin jikina ba kamar a waɗannan kwanakin.

Akwai wani ƙaƙƙarfan mutum da ke ta hawa da sauka, idonsa ja, yana tambayar kowa ko an ga tsohuwarsa. Barmo sunansa, shi ne babban maƙerin birnin. Uwarsa, Inna Ladingo, ta fita ba ta dawo ba. Ya duba gindin dutse, ya duba bakin jirage, ya fara tsoron ko ta faɗa teku. Duk sanda ya zo wucewa Yaya ta ba shi kafaɗa ta ce, "Allah ya bayyana ta," shi kuma ya ce, "Allah ya buɗe miki."

Mutanen ƙasar yunwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ana sauka da su. Tafin ƙafar Yaya ya tsage, sawunta ya zana jan zobe a kan dutse. Ta daina zolayata, abin da ya fi komai tsorata ni ke nan.

Na ce, "Yaya, don Allah ki bari a sauka da ke, ki huta ki dawo."

Ta ce, "Yanzu da na rage ni kaɗai? Yanzu da tulun ya zama namu? Ka manta yaran Gangaren Kuka?"

"Ban manta ba, Yaya, amma ke fa?"

"Yanzu zai fito."

Ta ƙara zagaye, ta ƙara wani, sai gwiwoyinta suka lanƙwashe. Kafin 'yan dako su iso ta ɗago ido ta ce, "Auta, kada ka ɗauke ido daga sakatar nan." Suka sungume ta. Ba ta kai gindin dutse da rai ba. A birnin nan babu wurin kabari, teku aka ba ita, ni ina sama ina kallon ɗan jan ƙarfe kamar yadda ta ce.

Wari ne ya tona abin da sakata ta ƙi faɗa. Barmo ya zo wucewa, ya tsaya cik, ya shaƙi iska. Ya sauka ya dawo da guduma, dogarai suna riƙe shi yana watsar da su, ya farfasa ƙofar. Ga Inna Ladingo a durƙushe, jingine da dutse. Aikinta duba ƙwari a cikin tuluna, ta shiga, ta tura sakata, ajali ya same ta. Duk neman da ɗanta yake yi, tana bayan ƙofar da yake gogawa da kafaɗa. Ta bayan gawar na hango tulun, cike har wuya, ja wur. Na miƙa hannu ina ihu, dogarai suka ce kogon da aka fasa ba a ɗiba a cikinsa sai majalisa ta zauna. Daga nan zazzaɓi ya kwashe ni.

Da majalisa ta zauna a gindin dutse, Barmo ya miƙe. Ashe ya daɗe yana roƙon a bar shi ya ƙera wata irin ƙofa, ana hana shi. Ƙofa mai dakali a gefenta inda mai jira zai zauna, har ya yi barci in ya so. Da jerin ƙugiyoyi, kowa ya rataye hularsa bisa zuwansa, ba mai tsallake wani. Da ɗan gurbi inda mai shiga zai ajiye zobensa a san ko wane ne. Da ƙararrawa mai tashin na gaba.

Kyallu ta ce, "Jama'a, ku ji ni. Dutsen nan ba ya haihuwa. Hanya ba ta da takin da za ta bayar, dakalin nan daga cikin kogo za a sassaƙo shi. Manyan koguna za su jure. Ƙananan fa? A sa wa manya, a bar wa ƙanana sakatarsu."

Barmo ya ce, "Uwata a ƙarami ta mutu."

Sai aka ɗauko ni a kan tabarma aka ce in faɗi abin da na gani. Na faɗa. Na faɗi goyon, na faɗi jan zoben da ƙafarta ta zana. Da za a sake tambayata yau, haka zan sake faɗa, don haka aka yi. Majalisa ta ɓarke da kuka, mutanen da ko gaisuwa ba sa tsawaitawa. Kyallu ta buɗe baki za ta sake magana, aka ce ba ta da imani, aka cire igiyar awo daga wuyanta, aka tura ta bakin jirage ta riƙa ƙirga masu sauka. Na ji maganarta da kunnena, amma a cikin zazzaɓi na ɗauka kan ɗan taki ɗaya ko biyu ake gardama. Barmo ya kama hannuna ya ce, "Baƙo, da kogonku zan fara. Hularka ce ta farko a ƙugiya."

Na kwanta jinya a gindin dutse, ina jin ƙarar sassaƙa daga sama. Mutanen birnin sun kyautata mini, ba zan ɓoye ba. Kullum ana aiko mini da kunu mai ɗumi, ja-ja, mai wani ƙamshi da ke tuna mini madafin uwata. Ina sha ina kuka, na ce kewar gida ce ta kama har harshena. Kunun nan shi ya tashe ni. Na yi ƙiba, ƙafata ta ɗinke ko da a karkace.

Ranar da iskar komawa ta fara kaɗawa, masu jirage suna ɗaura tufafin jirgi, Barmo ya zo da kansa ya tallafe ni muka hau. Ban gane wurin ba. Ga dakali mai santsi, ga ƙugiyoyin tagulla, ga ƙararrawa. Na rataye hulata, na zauna. Wayyo, daɗin zaman nan. Bayana ya samu majingina, ƙafata ta samu wurin miƙewa. Barmo ya ja igiya, ƙararrawa ta yi ƙara, ya ce, "Nomau na Gangaren Kuka, ƙofa taka ce."

Na ajiye zobena a gurbi, na ɗauki ƙwaryata, na rarrafa na shiga. Ga wurin durƙuso. Ga bango. Na shafa dama, bayan dakali ne. Na shafa hagu, bayan gurbin zobe ne da ramin igiyar ƙararrawa. Na sake shafawa, ko duhu ne ya rufe mini ido.

Na fito na ce, "Ina tulun?"

Barmo ya ce, "An fitar da shi ne kafin a fara sassaƙa. Yana wurin ajiya." Ya juya ga mutanensa. "Ina aka ajiye shi?"

Kyallu ce ta amsa. Ta biyo mu a baya, wuyanta babu igiya. Ta ce, "Wane wurin ajiya, Barmo? A ina? Masu sassaƙa sun fito da shi sun dire a hanya. 'Yan dako suka zo suka tarar da kaya ba mazauni, suka yi abin da aka koya musu tun suna yara. Kafin labari ya iske ni a bakin jirage in hau, ya zama gari."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka. Na tsince bakin maniƙa da farcena ko zan samu ƙwaya ɗaya da ba ta fashe ba, ban samu ba." Ta ƙara da cewa, "Na hana a ba masu sassaƙa garin. Na ce ko ba komai ya shiga cikin mai shi. Ni nake aiko maka da kunun, ɗan'uwana. Ka yafe mini, ban san abin da ya fi wannan ba."

Barmo ya zame ya zauna a tsakiyar hanya, 'yan dako suka tsaya suna kallonsa, ba wanda ya iya taɓa shi. Ni kuwa na dafe cikina. Gonakin garinmu kaf, da abin da Yaya ta yi juyi a kansa har ta faɗi, na shanye su da ludayi ina santi.

Ta tagar iskar nan na ga jiragen sun tashi. Na ga hadari ya haɗu can wajen ƙasarmu, baƙi, mai nauyi, irin wanda ake yi wa guɗa. Na san dattawa suna bakin gari suna duban hanya, an riga an yi sharar gona. Ban bi jirgin ba. Me zan kai musu, ƙibata?

Daga baya an mayar wa Kyallu igiyarta, an bar wa sauran ƙananan koguna sakatarsu, har gobe akwai masu juyi a can sama. Manya kuma suna da dakalinsu, ba a ƙara samun wanda ya mutu a bakinsu ba. Da Kyallu da Barmo, kowannensu ya yi gaskiya, ni dai ban ga abin da gaskiyarsu ta tsinana mini ba.

To, ya ku matafiya, abin da ya sawwaƙa ke nan daga labarina, Allah ya kai ku inda kuka nufa da sauran ƙarfinku. Wannan ƙofar da ke bayanku ita ce. Ba mai jiranta, don ba komai a ciki, hulata ce kaɗai a ƙugiya. Dakalin da kuke zaune a kai kuwa, ku faɗi gaskiya, ba daɗi? Na auna shi da idona sau ba adadi. Daidai tsawon Yaya ne, da ta samu ta miƙe a kansa ko ƙafarta ba za ta leƙo ba.